Mamman Shata: Bafulatanin Da Ya Ɗauki Kalangun Mahauta Ya Shiga Da Shi Fada

'Yan uwa mazauna Kudu, da wuya a samu ɗaya a cikinmu da zai ce bai taɓa jin muryar Alhaji Mamman Shata ba. Ko a teburin mai shayi a Agege, ko a Sabon Ibadan, ko a karar Lokpanta, ko cikin tirelar shanu da ta bi ta Lafiya ta tsallake gadar Makurdi, in dare ya tsala direba yana neman abin da zai kore masa barci, Shata ake sakawa. Ni da sa'o'ina ba mu san shi da ido ba, domin tun 1999 ya bar duniya. Muryar muka sani, mutumin kuwa sai kame-kame. Ka tambayi matashi a nan Azuba ina aka haifi Shata, zai ce maka birnin Katsina, don sunan da ya gani a jikin kaset ke nan. Wani ya ce Funtuwa. Duka biyun ba haka ba ne.

A Musawa aka haife shi, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya, wadda asalinta daga Tofa take a ƙasar Kano. Fulani ne. Babu makaɗi ko maroƙi a gidansu, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a wancan zamani, lokacin da sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya rataya ganga. Waƙa kuwa roƙo ake ɗaukarta, kuma babu abin da Bafulatani yake jin kunyarsa kamar a ce ɗansa yana tsayawa gaban mutane yana wasa su don a ba shi. Malam Ibrahim Yaro noma da fatauci yake so ɗansa ya kama. An sa shi makarantar allo kamar kowane yaro, sannan aka ɗora masa tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa.

A wajen tallan nan ya samo sunan da ya bi shi har kabari. In ya sayar da goro, sai ya rabar da abin da ya samu ga mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, ya koma gida hannu rabbana. Wani ɗan uwansu da ake kira Baba Salamu shi ya riƙa tsokanarsa da Mai-shata, wato mai watsar da abin hannunsa. A hankali aka yar da rabin sunan, Shata ya zauna. Duk wanda ya tashi a gidan fatauci ya san irin kallon da ake yi wa yaron da aka aika kasuwa ya dawo babu riba. A gidanmu dai ba za a sake aikensa ba.

Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, cikin samari da 'yan mata, wajen kiɗan asauwara da dare bayan an dawo daga gona. Ba don kuɗi ba, nishaɗi ne kawai na ƙuruciya. Sai dai kafin a jima ya fi ƙarfin sauran samarin, ana gayyatarsa ƙauyukan da ke kewaye da Musawa, har ya ajiye faifan alewa gaba ɗaya. Mahaifinsa bai so ba, amma ruwa ya riga ya ci gari.

A nan nake so in ɗan tsaya a kan kalangu, don ni a ganina duk wanda bai gane matsayin kalangu ba bai gane girman abin da Shata ya yi ba. Mu 'ya'yan fataken shanu da mahauta muke kwana muke tashi, saboda haka mun san gangar. Ice ne ake sassaƙawa, tsakiyarsa a tsuke, baki biyu, a rufe kowanne da fata, sannan a haɗa su da tsarkiya. Makaɗi ya rataya a kafaɗa ya matse shi a hammata. In ya matsa, murya ta hau. In ya saki, ta sauka. Da haka kalangu yake bin hawa da saukar harshen Hausa har ka ji kamar mutum ne yake magana. Ku da ke zaune ƙasar Yarbawa kun san ɗan uwansa, gangan, wanda ake kaɗawa a bukukuwansu.

To amma a ƙasar Hausa kalangu na mahauta ne. Shi ake kaɗawa a kasuwa a sanar cewa an yanka sa mai ƙiba, shi ake yi wa sarkin fawa take da shi, shi ake kaɗa wa 'yan dambe, wanda shi ma asalinsa wasan mahauta ne, shi ne kuma na rawar 'yan mata a dandali. Fada tana da nata kayan: tambari, kakaki, algaita, taushi, kotso, jauje. Ibrahim Narambaɗa da kotso ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Musa Ɗanƙwairo ma kotso ne. Sarkin Taushin Katsina, sunansa ma ya faɗa maka. Kowannensu yana da ubangida, yana da ƙofar da yake tsayawa, kuma ba ya yi wa talaka waƙa sai dai in da dalili. Shata bai shigo ta wannan ƙofar ba. Da gangar mahauta ya taso, bai taɓa sauya ta ba har ya mutu, kuma da ita ya tsaya gaban sarakuna, gwamnoni da shugabannin ƙasa. Yau in an ce kalangu, yaro Shata yake tunawa kafin ya tuna mahauci.

Wanda ya fara fitar da shi daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar garin, wanda yake aikin En'e a Bakori wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ya ce masa ya dawo Bakori da zama. Wannan ƙaura ta yi masa rana. Yankin Bakori da Funtuwa ƙasar auduga ce, akwai jirgin ƙasa da ya biyo daga Zariya ya nufi Gusau da Kauran Namoda, akwai injin gurzar auduga a Funtuwa, kuma in kaka ta yi kuɗi na yawo a hannun manoma, dillalai, malaman awo da direbobi. Irin waɗannan mutane sababbin masu kuɗi ne, ba su da sarauta, ba su da makaɗan gado, amma suna so a ji sunansu. Shata ya zo daidai lokacin da suke nemansa. A Bakori ya yi aurensa na fari, daga can kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa Katsina da Kano.

Kano ce ta ɗaga shi. A 1952, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, kuma daga ranar sunansa ya wuce na mawaƙin ƙauye. Wanda Kano ta karɓa ai ƙasar Hausa ta karɓe shi. Wani attajirin Kano, Alhaji Haruna Kassim, shi ya biya masa kujerar Makka. Daga baya ya tattara ya koma Funtuwa, inda ya yi kusan shekara 40, yana waƙa yana noma.

Yadda yake gina waƙa shi ma daban ne. Makaɗan fada sukan zauna da yaransu a gida su shirya waƙa, a bita a sake bita, ta yadda in ubangida ya ɗauko ɗa, 'yan amshi za su karɓe su ƙarasa masa, su yi ƙari. Shi ya sa waƙar Narambaɗa take kamar saƙa, zare bisa zare. Shata ba haka yake ba. Layi ɗaya yake ba 'yan amshinsa, su riƙe shi, su yi ta maimaitawa. Makaɗa su riƙe kiɗa. Duk sauran nauyin a kansa yake, kuma a nan take yake ƙirƙirar abin da zai faɗa, yana kallon wanda ya shigo fili, wanda ya miƙe zai yi kari, wanda ya yi kyauta jiya da wanda ya yi alkawari bai cika ba. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya a ɗauka uku, amshi ɗaya, amma 'ya'yan cikinta sun sha bamban. Masu kiɗan jaz na baƙaƙen fatar Amurka ma a kan wannan tsari suke, a kafa gindi ɗaya, gwani ya yi ta yawo a kansa yadda ya ga dama.

Akwai masu cewa wannan ya sa waƙarsa ba ta kai ta makaɗan fada zurfi ba, cewa Hausarsa a fili take, babu dogon habaici da sarƙaƙiya irin ta Sakkwatawa. Da gaskiyarsu ta wani fannin. In kana neman Hausar da sai an zaunar da kai an fassara maka, je ka wajen Narambaɗa. Amma sauƙin nan shi ya sa Bayarabe a Ilori, Banufe a Bidda, da mutanenmu na nan Lafiya da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kowa yana jin Shata ya gane. Kuma wallahi sauƙin na yaudara ne. Gwada ka tsaya minti goma kana jera magana a kan kiɗa, ba ka maimaita ba, ba ka karya kari ba, ka ga yadda gumi zai karyo maka. Shi kuwa yakan kwana yana yi.

Saboda wannan baiwa mutane suka yi ta ƙulla masa labarai, wai yana da aljanu, wai su suke ba shi waƙa, wai in ya shiga ruwa kaza ko daji kaza. Ni ban ɗauki wannan da muhimmanci ba. Mutumin da ya yi sama da shekara 50 kusan kullum yana fili, yana yawo gari-gari, yana sauraren yadda direba yake magana, yadda 'yar kasuwa take zagi, yadda bafade yake gaisuwa, ba ya buƙatar aljani. Kunne gare shi, da ƙwaƙwalwar da ba ta yar da suna.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne faɗin abin da ya taɓa. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa malamai kamar Malam Babba na Ƙofar Gabas, ya yi wa dogari kamar Hassan Sarkin Dogarai, ya yi wa Sarkin Bori Sule, ya yi wa mata kamar Indon Musawa, ya yi wa Garba Bichi, ya yi wa Ummaru Ɗanɗanduna na Gwandu. Ya yi wa Dajin Rugu waƙa tun yana dajin namun jeji da makiyaya, kafin sunansa ya koma abin da muke ji a labarai yau. Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa soja gwiwa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yulin 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, da kalangu, ya bayyana wa mutumin ƙauye abin da ko a rediyo bai gama fahimta ba. Ya yi ta noma, ya yi ta gargaɗi ga 'yan Arewa su tashi su nemi ilmi da sana'a. Sannan ga Bakandamiya, wadda kansa ya wasa a cikinta, kuma duk sanda ya rera ta sai ya ƙara mata sabon abu, har ta zama kamar littafin tarihinsa da bakinsa.

Wadda ta fi taɓa mu mutanen hanya ita ce ta Bawa Direba. Ku duba fa, direba ne. Ba sarki ba, ba minista ba. Direbobi nawa suka yi zamani da shi, suka yi ta jigila tsakanin Arewa da Kurmi, suka mutu ba wanda ya san sun zo duniya sai iyalansu? Amma shi ga shi har yau ana kiran sunansa a tasha. Haka mutane da yawa da Shata ya ambata a tsakiyar waƙa, dillalai, 'yan kamasho, masu abinci, fatake. Babu littafin da ya rubuta su. In kana neman tarihin talakan Arewa da ya samu ɗan rufin asiri tsakanin 1950 da 1990, wa ya yi kuɗi a wane gari, wace sana'a ce take ci, wace mota ake yayi, a bakin Shata za ka same shi.

Duk da bai zama makaɗin fadar kowa ba, yana da wanda ya riƙa tamkar uba. Shi ne Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna kafin ya hau gadon sarauta a 1966. Waƙar da Shata ya yi masa tana cikin waɗanda suka fi fice, ya kuma yi wa matarsa Kilishi tata. Zumuncinsu ya wuce na mawaƙi da mai ba shi kyauta, za ku ga haka a ƙarshen labarin.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Shata yana da zambo mai zafi, kuma ana tsoron bakinsa. Gagarabadau ta isa misali. Wanda ya shiga bakinsa ya shiga uku, domin faifai zai kai zagin inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba, kuma shi ba shi da bakin ramawa. Wasu kyaututtukan da aka yi masa, tsakani da Allah, tsoro ne ya fitar da su ba ƙauna ba. Sannan akwai waƙarsa ta mashaya, wadda kowa ya sani, wadda malamai suka yi tir da ita tun yana raye. Bakin da ya yi ta kuma shi ya yi begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waƙar da har gobe ake sakawa a gidajen rediyo. Na ga wasu masoyansa suna so a share ta farkon a bar ta biyun, wasu masu sukarsa kuma ta farkon kaɗai suke tunawa. Ni ba na kare waƙar giya, ba kuma zan saka ta gaban ƙannena ba. Amma mutum ɗaya ne ya yi su duka, kuma bai taɓa yin kamar shi waliyyi ba ne. Hisabinsa yana wajen Ubangijinsa.

Siyasa ma ya taɓa ta, ba daga gefe ba. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin Musawa tana ƙarƙashinta, Katsina kuma tana cikin tsohuwar jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai ƙarasa ba, aka tsige shi bayan sun saɓa da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a jihar. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke bakinsa a gaban sarki, ina zai iya biyayyar jam'iyya?

Girmamawa kuwa ya same ta tun yana raye, abin da ba kowane mawaƙin Hausa ya samu ba. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, a kan Shata ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, daga nan aka koma kiransa Dakta. Yaron makarantar allo, mai tallan goro, wanda mahaifinsa yake jin kunyar sana'arsa. Ya je Nijar da Gana, ya je Ingila da Amurka, duk da kalangunsa.

Wani abu yana damuna game da abin da ya bari. Shi kansa bai iya ƙidaya waƙoƙinsa ba, kuma da yawa, musamman na ƙuruciya, ba a taɓa ɗaukar su ba, sun tafi da waɗanda suka ji su. Waɗanda aka ɗauka a faifan garmaho, da na gidan rediyon Kaduna, da na kaset, su ne suka gangaro zuwa wayoyinmu. To amma ku duba yadda suke zuwa mana. Ka je wajen mai tura waƙa a kasuwa ya zuba maka Shata ɗari a memori, rabi an yanke kansu, wasu an yanke gindi, suna a rubuce ba daidai ba, wata ma ba Shata ba ne, wani mai kwaikwayonsa ne. Ba shekara, ba wurin da aka yi ta, ba bayanin wanda aka yi wa. Dattawan da za su ce maka wannan a bikin wane aka yi ta, wancan da aka ambata ɗan gidan wane ne, kullum raguwa suke. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi ƙoƙari, sun fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006, amma mutum nawa a Sabo ko Mile 12 suka taɓa riƙe shi a hannu?

Ku da kuke renon yara a Legas, Fatakwal, Anaca da Benin abin ya fi shafa. Na sha ganin yaran da aka haifa a can in sun zo hutu, Hausarsu ta saye da sayarwa ce kawai, in magana ta yi nisa sai su koma Turancin buroka. Irin waɗannan yara Shata ne daidai kunnensu, saboda sauƙin nan da ake ganin kamar aibi ne. A cikinsa za su ji sunayen garuruwan kakanninsu, sarautu, sana'o'i, kirari, yadda ake gaida babba da yadda ake yi wa marowaci shaguɓe. Sai dai a zaɓa musu, don ba kowacce ce ta kunnen yaro ba.

A ƙarshen rayuwarsa ciwo ya kama shi sosai. An kwantar da shi a Kano, an kai shi Jidda aka yi masa aiki, ya ɗan samu sauƙi, sannan jikin ya sake rikicewa. Shi ya sa ba a ji ɗuriyarsa sosai ba a siyasar da ta kawo Obasanjo a 1999. Ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, Allah ya karɓi ransa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Ya bar mata uku da 'ya'ya 19. Ba a kai shi Musawa inda aka haife shi ba, ba a kai shi Funtuwa inda gidansa yake ba. Daura aka nufa da gawar, kamar yadda ya bar wasiyya, aka rufe shi a ranar, Sarki Muhammadu Bashar yana cikin waɗanda suka tsaya a jana'izar. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, da namu iyayen da suka riga mu.